Sandunan da Kuka Sauke Daga Bango

Zuwa ga ƙanena, Shugaban Ƙungiyar Wasan Hoki.

Bayan gaisuwa, ina fatan iyali da 'yan wasa suna lafiya. Ni ma alhamdu lillahi. Likitocin ƙasar nan da nake jinya sun ce numfashina zai daidaita, ko da yake a zaune nake salla yanzu.

Ka sani a kan juji muka kafa ƙungiyar nan, da hannunmu muka share filin. Tun daga lokacin, duk ɗan wasan da ya rasu, mukan rataye sandarsa ta buga ƙwallo a bangon ɗakin sauya kaya, mu taɓa ta kafin mu fita wasa. Yanzu labari ya iso ni cewa kun sauke su domin fenti, kun watsa su a sito cikin tsintsiyoyi. Har da ta tsohon golanmu, wanda ya bar haƙoransa biyu a filin nan! Ashe fenti ya fi mutane daraja? Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai.

Ina roƙon haɗin kan kowa da kowa, a mayar da su inda suke. A kuma buga ƙusa ɗaya a ƙarshen layin. Tawa sandar tana nan tafe.

Yayanka,
Tsohon Kyaftin