Idon Inna na Dama

Jangebe, 9 ga Shawwal

Zuwa ga Yaya Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Kausar da mutanen Dosara baki ɗaya.

Na rubuto ne don ba zan iya faɗin wannan a wayar mijinki ba. Kin san ciwon Inna, ƙanjamau, wanda ba mu ambatarsa a tsakar gida, kuma kin san a dalilinsa wata ƙwayar cuta ta shiga idanunta ta cinye na hagu bara. To, yanzu na daman ma ya fara. Ta ce tana ganin baƙaƙen abubuwa suna yawo kamar ƙudaje.

Yaya, ina jin laifina ne. Da azumi ya zo Inna ta ƙi ajiye shi. Ni ke ba ta ƙwayar maganin idon da hantsi, sai na mai da ita lokacin sahur ban tambayi kowa ba. Gobe Kawu Ahmad zai kai mu babban asibiti a Sakkwato. Ki yi mana addu'a.

Ƙanwarki,
Lailatu

Jangebe, 6 ga Zulhajji

Zuwa ga Yaya Shamsiyya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin damina? Ina fatan zazzaɓin Kausar ya sauka. Mu nan sai godiya.

Yaya, ba ni ba ce! Da muka shiga wurin likita bakina ya ƙi buɗuwa, kin dai san ni. Sai na rubuta abin da na yi a bayan katin asibiti na miƙa wa nas Zakiyya, kaina a ƙasa. Likita ya karanta, ya tambaya ko akwai ranar da Inna ba ta sha ba. Na girgiza kai. Ya ce to sauya lokaci ba shi ya jawo ba. Ƙwayar cutar ce ta daɗe tana haɗuwa da magani ɗaya har ta saba da shi, ba ya kashe ta kuma. Ya ce hakan yana faruwa ga waɗanda jikinsu ya yi rauni, ko da ba su taɓa fashi ba. Amma ya ce in wani azumin ya zo, mu zo mu tambaya tukuna.

Sun sauya magani. Wannan allura ce, a cikin idon ake yi. Ni ban iya kallo, ƙafar Inna nake riƙewa. Sun kuma sauya mata na ƙanjamau ɗin don jikinta ya yi ƙarfi. Na hagu ba zai dawo ba, amma likita ya ce na dama ya daina lalacewa. Za mu riƙa komawa ana dubawa.

Jiya na tsince shinkafar Bakura zan ɗora, sai Inna ta ce in miƙo faifan. Ta matso da shi kusa da fuskarta, ta fitar da tsakuwa uku, ta ce, "Ke Lailatu, haka za ki ciyar da mutane?" Ta yi ta faɗa. Ni kuwa na tsaya ina dariya, hawaye na zuba, har ta ce ko na samu taɓuwa ne.

Tsakuwoyin suna nan a gwangwanin kwallina. In kin zo Sallah zan nuna miki.

Inna tana gaishe ki. Ki shafa mini kan Kausar.

Taki har kullum,
Lailatu