Kek ɗin ƙanwata yana fitowa a karkace, kuma na san dalili

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ki taimaka ki ɓoye sunana, akwai 'yan garinmu a gurup ɗin nan. Don Allah ku ba ni shawara, abin yana cina kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

A Gummi nake aure, kuma duk unguwarmu an san ni da kek. Ɗan obin ɗina na gas ya tsufa, ƙofarsa ma sai na tokare ta da kujera 'yar tsugunno, amma na san halinsa kamar yadda na san halin 'ya'yana. Suna ne, walima ce, gara ce, ni ake aiko wa. Ƙanwata Saratu a hannuna ta koya, tun tana fasa ƙwai ɓawon na faɗawa cikin kwaɓi. Ni na nuna mata yadda ake buga bota da suga har su yi fari, ni na hana ta buɗe obin tana leƙe, don shi ke sa tsakiyar kek ta lotsa.

Sai ta yi aure a Anka, mijin yana harkar zinari, Allah ya buɗa masa. Ya sayo mata wani ƙaton obin daga Sakkwato, mai gilashi, har da fitila a ciki. Ta sa hotonsa a Wasap na dangi, na rubuta masha Allah kamar kowa, amma wallahi ranar ko abinci bai yi mini daɗi ba.

To yanzu autarmu ce za ta yi aure. Tun tana firamare nake ce mata ni zan yi kek ɗin bikinta, mai hawa biyu. Ba a ko shawarce ni ba, sai Inna ta ce a gaban kowa, "Saratu ta yi kek, tunda ita ad da babban obin. Ke ki ji da cincin da alkaki." Cincin fa, jama'a! Na yi dariyar yaƙe na ce to, na dawo gida na sha kukana.

Saratu ta fara gwaji, sai kek ya ƙi. Duk wanda ta gasa a karkace yake fitowa, gefe ɗaya ya yi tudu cikinsa ɗanye, ɗaya gefen ya yi falale ya ƙone. Ta canza fulawa, ta canza bekin foda, ta rage wuta, ta ƙara wuta, duk a banza. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta kira ni, na shiga mota na je Anka makon jiya. Ba zan ɓoye muku ba, da na ga kek ɗin sai da na ji wani sanyi a raina.

Muna kicin tana auna suga, na ɗora ƙwai a saman obin ɗin, sai na ga ya gangara, da ƙyar na tare shi. Na duba ƙasa. Ashe magini ya yi wa simintin gangara don ruwan wanke-wanke ya riƙa fita, obin ɗin a kan gangaren yake zaune, kwaɓin sai ya taru gefe guda. Guntun katako a ƙarƙashin ƙafa biyu na obin ɗin, an gama magana. Ta juyo ta ce, "Yaya, mi kig gani?" Bakina ya buɗe zan faɗa, sai na tuna da cincin. Na ce mata ƙila ƙwan ne ba sabo ba.

Tun ranar abin ya ɗauki wata hanya. Saratu ta sa a ranta hassada ce, wai baki ne ya kama obin ɗin. Ta ɗora wa maƙwabciyarta, baiwar Allah da laifinta kawai ta taɓa shigowa ta yaba shi, yanzu ko gaisawa ba sa yi. Inna ta aika wa Saratu turaren hayaƙi, kuma ta fara ce mini in abin ya ƙi sai dai ni in karɓa. Abin da nake so ke nan, amma na rasa dalili ban ji daɗinsa ba.

Jiya da yamma ta kira ni tana kuka, ta ce mijinta ya fara mata ba'a, kunyar Inna take ji. Sai ta ce, "Yaya, ke ɗai gare ni. Ki taya ni addu'a, duk wanda ka yi min hassada bisa kek ɗinga, Allah shi tona asirinai." Na ce amin. Me zan ce?

Biki saura kwana kaɗan. In na faɗa mata, za ta yi kek ɗin da Gummi ba ta taɓa gani ba, da obin ɗinta da koyarwata, sunana ya shafe, kuma Saratu ba wawiya ba ce, za ta tuna ƙwan nan ta tambaye ni tun yaushe na sani. In na yi shiru kek ya dawo hannuna, maƙwabciyarta ta ci gaba da ɗaukar laifin da ba nata ba. 'Yan uwa ya zan yi? In kira ta in ce ta sa katako kamar yanzu na tuna, ko in faɗa mata gaskiya duka? Kuma masu ilimi a cikinku ku gaya mini, wannan amin da na ce da bakina, a kaina za ta sauka?