Bawul ɗin ɗakin Inna

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku mai aikin famfo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ka koya mana, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka na maƙabartar Baƙi'a, nan Madina. 'Yarka Hauwa ce. Na san akwai masu leƙa wannan takarda a shafina, to su yi haƙuri, yau da kai nake.

Baba, godiya na zo yi, amma sai na fara da ƙorafi: ka tafi ba ka gaya mana dalilin abin da kake yi kowace Juma'a ba. Ko kuwa ka faɗa, dariya ce ta hana mu ji.

Ka tuna shekarar da gwiwoyin Inna suka fara ciwo? Ka kwaso tsohuwar tukunyar dumama ruwa daga wani gida da ake rushewa wajen Ƙiblatain, ka kafa ta a gidanmu na unguwar Jurf, ka ja bututu har ɗakinta, ka manna ƙarfen ɗumi a bango. Maƙwabta suka ce wa ya taɓa ganin mai neman zafi a Madina. Kai dai ka ce sanyin garin nan gajere ne, amma ya san inda ƙashin tsoho yake.

Ni ka kira na riƙe maka fitila ranar da ka ɗaura bawul ɗin da ke raba ruwan zafi, don yayana Sadiƙu ya riga ya koma garin Yanbu da aiki. Ka nuna mini bakinsa uku. Ruwan zafi na shiga ta ɗaya, sai ya fita ko dai zuwa tankin wanka ko zuwa ɗakin Inna. A kansa akwai ɗan inji kamar gwangwanin madara. Idan ɗaki ya yi sanyi, wuta ta zo masa, sai ya juya wani ɗan murfi a ciki, ya toshe hanyar tanki ya buɗe ta ɗaki. Wuta na ɗaukewa, wani sifirin, murɗaɗɗiyar waya da ke ciki, ya ja murfin ya koma wajen tanki. Mai raba hanya kake ce masa. Ka kuma ɗora yatsana a kan wani ɗan hannu a gefe, ka ce idan injin ya gaza, wannan ake turawa.

Sai kuma al'adarka. Tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙofar mota ba ta taɓuwa, kana dawowa daga sallar Juma'a a Harami sai ka kunna ɗumin ɗaki na ɗan lokaci, ka kara kunne a bututu, ka kashe. Inna ta yi ta mita tana fifita, tana cewa so kake ka gasa ta. Mu kuma mu ce tsufa ne ya fara taɓa Baba.

Ka rasu bayan ƙaramar salla. Duk bazarar nan babu wanda ya taɓa makunnin, don wa zai yi?

Da sanyi ya shigo na kunna. Ruwan wanka zafi ƙwarai, ɗakin Inna kuwa kamar randa. Gwiwoyinta suka kumbura har salla ta koma yi a zaune, ga tari. Na sayo hita ta lantarki, ta ce tana busar mata da maƙogwaro, ta sa aka fitar. Sadiƙu ya zo ya ganta, hankalinsa ya tashi. Ka san shi, a yi masa Hausa ya amsa da Larabci. Ya ce khalas, wato shi ke nan, zai tafi da ita Yanbu, can bakin teku sanyi da sauƙi, ga asibiti kusa da gidansa. Ban ga laifinsa ba, tausayi ne.

Inna ta fara haɗa jakarta. Ka san abin da ya zaunar da ku a garin nan shekara da shekaru kuna fama da iƙama, takardar izinin zama. Tana ninke kayanta ta ce mini, a hankali, idan ajali ya same ta a can, wa zai kawo ta kusa da kai?

Na fita na tsaya gaban tukunyar ina kuka. Hannuna ne ya tuna kafin kaina. Na laluba ɗan hannun nan na tura, ya ƙi. Na sa ƙarfi, sai na ji ƙas, kamar an ɓalle goro. Gishirin ruwanmu ne ya daskare a jikin murfin tsawon watannin da bai motsa ba. A nan na gane Juma'arka, Baba. Motsa shi kake yi don kada ya kafe kafin ranar da za a buƙace shi.

Kafin la'asar ƙarfen bangon ya ɗau ɗumi. Injin ya riga ya ƙone wajen kokawa da murfin, Sadiƙu da kansa ya nemo sabo a Yanbu, muka ɗaura tare, ni ina nuna masa, shi yana riƙe fitila. Tarin Inna ya lafa. Ya sauke jakarta daga mota ba tare da kowa ya roƙe shi ba.

Na gode, Baba. Na gode da ka kira ni ranar nan ba ka ce aikin maza ne ba. Na gode da gumin da ka sa muka sha muna yi maka tsiya. Ina kewarka sosai, har ƙamshin man hannunka.

Yanzu zafi ya dawo, kuma ni ce mai kunnawa ranar Juma'a. Inna tana nan tana fifita tana mita, wai na gaji haukan ubana. Amma makon jiya na makara a kicin, sai ga muryarta daga ɗaki tana tambaya ko na manta yau wace rana.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya maka shi kamar yadda ka ɗumama mana gida. Idan lokacin Inna ya yi, Allah ya kwantar da ita a ƙasar da kake.

Ta ce in gaya maka ba ta tafi ba, tana nan.

'Yarka mai riƙe fitila,
Hauwa