Ƙorafi Kan Gadar da Ta Raba Gawa da Masu Rakiyarta

Daga: Eleuterio Quiñónez Bone,
Mai Gidan Jana'iza, Layin Kasuwar Kifi,
Puerto Almendro.

Zuwa ga: Mai Girma Injiniya Nicanor Valdivieso,
Daraktan Ayyuka na Ƙaramar Hukuma,
Puerto Almendro.

14 ga Maris, 2023.

Game da: Sabuwar na'urar da ke juya gadar hanyar maƙabarta, da zanen da aka ce shi ne hankalinta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ni ne nake kai mamatan garin nan makwancinsu tun kafin a haifi rabin ma'aikatan ofishinka. Karatuna bai wuce aji uku ba, sai a yi haƙuri da rubutun. Ga abin da ke tafe da ni.

1. Ranar 9 ga Janairu ofishinka ya tara mu a zauren hukuma. Wani matashi, Injiniya Fabricio Zambrano, ya haska mana zane a bango: da'irori, kibiyoyi, da wasu baƙaƙen ɗigo masu tsalle daga wannan da'ira zuwa waccan. Ya ce daga yanzu gadar ba ta buƙatar mai gadi. Shinge ba ya sauka sai fitila ta yi ja, gada ba ta juyawa sai shinge ya sauka, jirgin ruwa ba ya shigowa sai gada ta gama juyawa ta buɗe masa kogi. Kowanne yana jiran ɗan'uwansa, kuma wai lissafi ya tabbatar kuskure ba zai yiwu ba. Aka tafa. Ni ma na tafa, domin an raba lemo. Na tambaye shi ina jana'iza a cikin da'irorin nan. Ya yi murmushi irin na wanda ya sha boko, ya kira ni Kaka, ya ce jana'iza ai mota ce kamar kowace mota. Na yi ƙuruciyata a jirgin ruwa, na ga 'yan damfara a tashoshi da dama, amma ko cikinsu ban taɓa ganin mai rantsuwa da zanen da ya yi da hannunsa ba.

2. Ranar 2 ga Maris muka ɗauko marigayi Don Casimiro Angulo daga coci. Kamar yadda kai ma ka sani, motar furanni ce a gaba, sai akwati a kafaɗar maza, sai 'yan badujala, sai matar mamaci da tsofaffin mata a baya, a ƙasa, a hankali. Mota ta haye. Akwati ya haye. Na'urarku ta ga ƙarfen mota ya wuce, ta yanke cewa hanya ta zama fayau. Shinge ya sauko a gaban Doña Petronila, matarsa, gada ta juya, jirgin ayaba ya shigo yana tafiyar hawainiya, wani kuma a bayansa. Mijinta a wancan ƙetare, ita a wannan. A garin nan ba a sauke akwati a kan hanya, ba a kuma juyawa da shi baya, saboda haka maza suka tsaya da shi a kafaɗa cikin rana har ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, ni da tsufana na shiga madadinsa. 'Yan badujala suka ƙare waƙoƙinsu suka sake daga farko. Ma'aikatan jirgin dai sun cire hulunansu. Su ba su ga zanen ba.

3. Washegari na je ofishinku. Injiniya Zambrano ya sake buɗe mini zanen, ya bi shi da yatsa, ya nuna mini kowane ɗigo ya sauka inda ya dace. Ya ce na'ura ba ta yi laifi ba, masu rakiya ne suka yi nawa. Ya ba ni shawara in riƙa sa matar mamaci a mota, ko in ce wa tsofaffi su ɗaga ƙafa. Ranka ya daɗe, ban san garin da ake gudu da gawa ba. In a nasu garin haka ake yi, Allah ya sa su ci tseren.

4. Iyalan marigayin ba su san wani Zambrano ba, ni suka sani. Ni suka ba amanar mahaifinsu, ni kuma ake nunawa da baki a kasuwa. Kuma mutuwa ba ta tsaya ba don ofishinku yana nazari. Duk gawar da zan ɗauko yanzu, sai na fara leƙa kogi.

Saboda haka ina roƙon mai girma Darakta da ya umarci yaron ya ƙara da'ira ɗaya a zanensa, ta jana'iza, tare da maɓalli a bakin gada wanda mai kula da maƙabarta zai riƙe, kada gada ta motsa sai tsohuwa ta ƙarshe ta haye. Na ga bangon, akwai sauran fili. Kafin a yi haka, a dawo da tsohon mai gadi, Baudilio, a ranakun jana'iza. A kuma rubuta wa Doña Petronila takardar ban haƙuri, ba tare da zane a ciki ba.

Ina fatan za a hanzarta. Mahaifiyarka Doña Amparo, Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana, ta riga ta zaɓi akwatinta a wurina, ta kuma sa na yi mata alkawari cewa kai za ka bi ta a ƙasa tare da 'yan'uwanka mata. Na ga yadda kake hawa matakalar ofishinka. Ba na jin za ka riga shingen.

Ka huta lafiya, tare da matuƙar ladabi da biyayya.

Naka mai biyayya,
Eleuterio Quiñónez Bone