Wurin da Inna Ta Roƙa

Zuwa ga Yaya Hamidon,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Yaya Rohana da yara. Yaya jikin Inna? Tana iya shan ɗan romon shinkafar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na je ƙauyenmu Tanjung Serai kamar yadda Inna ta sa ni, in ɗaura wa dutsen kabarin Baba sabon farin ƙyalle kafin azumi, in kuma duba wurin da take so a binne ta a gefensa. Ka shige ɗaki kafin ka ci gaba da karantawa, kada ta ga fuskarka.

Yaya, sai da na yanki tikiti kafin na shiga ƙauyen da aka haife ni. Tun da aka tashe mu aka mai da shi gandun daji, komai ya zama abin kallo. Na bi ayarin masu yawon buɗe ido, wata mai ja-gora tana nuna mana bindigogin yaƙin Japan a kan tudun da muke shanya kifi a da. Har ta ce mini, "Goggo, a hankali, hanyar nan sai wanda ya sani."

Na rabu da su na gangara maƙabarta. Babu ita. Teku ya cinye gaɓar har gindin masallaci. Wani dattijo mai gadin dajin ya kai ni saman tudu, inda ya jera duwatsun da ya tsinto cikin taɓo, na maza daban, na mata daban. Ya ce, "Duwatsu kawai na iya ceta, baiwar Allah. Mutanen kuwa ruwa ya tafi da su."

Na gane na Baba da gefensa da ya ɓare. Na ɗaura masa ƙyallen da Inna ta kalmashe da hannunta, na zuba ruwan furanni a kan ƙasar da ba kowa a cikinta. Na yi kuka har na ji kunyar dattijon. Da na tambaye shi inda kabarin yake a da, ya nuna mini cikin ruwa, daidai inda wani kwale-kwale ke wucewa.

Na san da Inna ta ji wasiƙa ta zo za ta tambaya ko wurinta na nan. Ni ba zan iya faɗa mata ba, Yaya. Kai ne babba.

Ka sumbaci hannunta a madadina.

Ƙanwarka,
Salbiah