Hukuncin da Ban Tuna Ba

Daura, 4 ga Maris, 2003

Aminina Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Kande da yara. Yaya ƙafar taka?

Akwai maganar da na kasa gaya wa matata Murja. Ka san ni tun muna sababbin lauyoyi, har muka sa kakin soja tare, ban taɓa manta suna ba. A majalisa ma da ka nake kawo sashen doka. To, ranar Litinin ina zaune a kujerar alƙalanci na kira wanda ake tuhuma da sunan Kofur Yelwa, sojan nan da muka yanke wa hukuncin harbi shekara ashirin da suka wuce. Sai da magatakarda ya raɗa mini cewa sunansa Auta.

Makiyayi ne, an kama shi a Kongolam, can bakin iyaka, da shanu biyu, wai na sata. Shi ya ce saye ya yi. In laifin ya tabbata hannunsa za a yanke, bisa dokar da ni ma na sa baki aka kafa ta.

Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Kalilu

Daura, 22 ga Maris

Ya'u,

Ina gaisuwa, da fatan an tashi lafiya. Jiya bayan Juma'a na tsaya kusa da rijiyar Kusugu na rasa hanyar gidana, sai ɗan acaɓa ya kawo ni. Shaidun da aka kawo a kan Auta bakinsu bai zo ɗaya ba, bai kamata a taɓa shi ba. Na rubuta takardar ajiye aiki, ranar Alhamis zan miƙa, wani ya ƙarasa shari'ar.

Ka gaida gida.
Kalilu

Daura, 28 ga Maris

Ya'u,

Sallama da gaisuwa. Na je da takardar, magatakarda ya ce ai tun Talata na gama da Auta. Ya nuna mini hukuncin: a yanke hannu. Rubutuna ne, sa hannuna ne. Wallahi ban tuna ba.

Mahaifiyar Auta tana zaune a ƙofar gidana tun ranar.

Ka zo ka ɗaukaka masa ƙara kafin wa'adi ya cika. Ka faɗa wa kotu halin da nake ciki, kada ka rufa mini asiri. In ka iso na ce ƙalau nake, ban kira ka ba, kada ka saurare ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Amininka,
Kalilu