Ranar da Begila Shida Suka Yi Shiru

Unguwar Wambai, Suleja,
25 ga Nuwamba, 1979.

Zuwa ga ɗana Almu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka Safara'u, Ya kuma kare ku daga sanyin nan na Gembu da ka ce yana shiga har ƙashi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. An yi babbar salla lami lafiya. Mahaifiyarka, Yaya Uwani, ta samu sauƙin gwiwar, har ta matsa sai da aka kai ta gonar Iku ta ga doyar bana da idonta, ta dawo tana faɗan wai an bar mata kunya uku ba a tona ba. Matata Talatu na nan yadda ka san ta. Ka kuma riƙa rubuta Suleja a bayan ambulan, don sunan Abuja ya tashi daga kanmu, ko da yake ni har yau bakina bai saba ba.

Takardarka ta zo tun farkon watan jiya, kuma ba mantuwa ce ta hana ni amsawa ba. Sau uku ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa. Ka ce hedimastanku ya danƙa maka ganguna biyu da begila huɗu, ya ce ka kafa wa makaranta badujala tunda kawunka shi ne malamin badujala a garinsu, wai abin a jini yake. Na yi dariya, don na tuna shekarar da na ɗora maka babbar ganga ta rinjaye ka, kai da ita kuka gangara cikin kwata. To, ka tambayi yadda ake koyarwa, zan faɗa maka abin da na sani. Amma ka karanta har ƙarshe, don abin da ya fi muhimmanci ban san shi ba sai bana, kuma da tsada na koye shi.

Da farko, ka kulle kayan kiɗan nan a sito mako biyu, kada yaro ya ko taɓa su. Da ƙafa ake farawa. Ka jera su a fili da safe kafin rana ta yi zafi, kana tafi suna takawa, tafi ɗaya ƙafar hagu, har sai ka ji ƙafafunsu na sauka tare. Wanda bai san hagunsa ba kada ka zage shi, ɗaura masa tsumma a idon sawu, kwana uku ya ishe shi. Bayan haka masu ganga su fara a kan benci ko tsohuwar taya, ba a kan fata ba, in ba haka ba kafin wata ya ƙare kana neman mai jima. Kowane kiɗa ka sa su faɗe shi da baki tukuna, su yi ta maimaitawa suna tafiya, sa'an nan hannu ya ɗauka. Kuma tunda ƙasarku ta raɓa ce, ka riƙa shanya gangunan a rana kafin aiki, in an gama ka sassauta igiyoyin.

Begila kuwa, ka zaɓi waɗanda haƙoransu na gaba suka gama fitowa. Ka cire bakin ƙarfen nan ka ba su shi kaɗai su yi ta hurawa mako guda, za ka ji kamar an saki agwagi a makaranta, ka daure. Minti goma ya isa a rana, don leɓen yaro yana kumbura, in ya kumbura kuma gobe ba za ka gan shi ba. Ka wanke bakunan da ruwan zafi. Kowane abin kiɗa ka koya wa yara biyu, saboda 'ya'yan 'yan kasuwa yau suna nan, gobe uban ya kwashe su sun koma gida. Kada ka raina 'yan mata, don a shekara goma sha tara da na yi ina wannan aiki ban taɓa samun hannu a kan ƙaramar ganga irin na wata yarinya Ijeoma da ke aji shida yanzu ba. Kada ka sa gwaji ranar Juma'a ko Lahadi, kuma lokacin girbi ka sassauta wa 'ya'yan manoma, in kana so iyaye su bar maka su. Duk wannan na gwada shi, yana aiki.

Yanzu ga wanda ya hana ni rubutu. Ka san a hannun wani Saje na koyi busa, zamanin ina badujalar 'yan doka, mutumin da bulalarsa ta fi bakinsa magana. Dokarsa ɗaya ce, ni ma ita na ɗora wa yarana: ba mai busa sai ya ga sandata ta ɗaga. Ina tafe a gaba, na ba su baya, ganguna na tafiya. In mun kusa rumfar manyan baƙi, mai ƙaramar ganga ta yi wani ɗan kaɗi mai sauri sau biyu. Da na ji shi sai in ɗaga sanda sama, begila su shigo. Yaron da ya riga sandata ko da numfashi ɗaya ne, ya san abin da zai sha. Kai ma ka sha, ba sai na tuna maka ba. Ina alfahari da wannan doka ƙwarai, har nakan ce wa malamai yarana ko gobara ta tashi ba za su busa ba sai na ce. Ko bakunan begilar ma a aljihuna suke kwana, cikin wata 'yar jakar fata, don kada wani ya hura ba da sanina ba.

Abin da na ɓoye muku shi ne, shekara biyu ke nan kunnena yana tafiya. Na hagu ya fara, wanda ya sha tsayawa kusa da ganga. Da farko sai na ga kamar kowa ya koyi magana ciki-ciki, ina ta yi wa Talatu faɗa ta buɗe bakinta. Daga baya na gane, amma na yi shiru. A aji ina kallon leɓen yara, a masallaci ina bin sahu. A wurin gwaji kuma filin makaranta shiru ne, Ijeoma na bayana taku uku, ina tsintar kaɗinta da ƙyar. Na ce wa kaina zan kai ritaya a haka ba wanda ya sani.

Ranar ɗaya ga Oktoba aka yi fareti a babban fili, kuma ka san na bana ya fi na kullum cika saboda miƙa mulki. Makarantu har daga Maje, ga lasifika na ta amo, ga jama'a na ihu. Muka taso da kyau, yarana fes cikin fari da kore, ƙafa na sauka tare. Muka doshi rumfa ina kasa kunne ina jiran kaɗin Ijeoma. Ban ji ba. Na ce a raina yarinyar nan ta makara, bari in ƙara taku huɗu. Na ƙara huɗu, na ƙara takwas, raina na ɓaci, ina ma shirya irin faɗan da zan yi mata. Na ga mutanen cikin rumfa suna nuna mu, wasu na rufe baki, ni kuwa na ƙame ƙirji a gaba da sanda a hammata. Sai da muka wuce rumfar, muka kai ƙarshen fili, na juyo a fusace.

Almu, abin da na gani ba zai bar idona ba. Yara shida riƙe da begila a baki, kumatu cike da iska, idanunsu duka a kan sandata. Haka suka ratsa gaban manyan gari, ba wanda ya fitar da ko ɗigon sauti. Ijeoma na tafe tana kiɗa hawaye na zuba a kan fatar gangar. Daga baya aka gaya mini sau biyar ta yi kaɗin, na ƙarshen da ƙarfin da har makaɗi ɗaya ya tsage. Duk filin ya ji, masu begila sun ji, sun san lokaci ya yi, sun san waƙar kamar sunayensu. Na tambayi Ishaku, babbansu, me ya hana shi busawa tunda ya ji. Ya sunkuyar da kai ya ce ai Malam bai ɗaga sanda ba. Abin da na koya masa ke nan, kuma ya iya shi sarai.

Mu muka zo na ƙarshe, mu da muke ɗaukar kofi shekara huɗu a jere. Kunyar ba ta dame ni kamar yadda yaran gari suka sa wa nawa suna, suna bin su a hanya suna cika kumatu. Biyu iyayensu sun cire su. Hedimastanmu, Mista Onwuka, mutumin kirki ne, bai yi mini tsawa ba. Ya rufe ofis, ya rubuta a takarda ya miƙo mini, wai tun yaushe. Ganin ya rubuta maimakon ya faɗa, na san asirina ya daɗe da tonuwa. Shi ya sa na je asibiti a Minna, likita ya duba ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma bin sa zai yi. Mista Onwuka ya ce ba shi da wani malamin da ya san kiɗa, don haka in aka rufe makaranta a Disamba zai tattara kayan ya miƙa wa wata makarantar da ke da mai koyarwa. Na roƙe shi ya ba ni makonnin da suka rage in gwada wani abu. Ya yarda, amma na ga tausayi ne kawai.

Abin da na sa gaba shi ne in rushe da hannuna abin da na gina. Na tara su na ce daga yau ba sanda, kowa ya saurari ɗan'uwansa, in Ijeoma ta yi kaɗi begila su shigo da kansu. Na jingine sandar a gindin mangwaro na zauna. Ranar farko Ijeoma ta yi kaɗin, suka ɗaga begila, sai duk suka juyo suna kallona. Haka rana ta biyu. Na yi lallashi, na yi rantsuwa ba zan taɓa kowa ba, har na karya bulalar a gabansu, amma muddin ina wurin fuskata suke karantawa. Na sa su zagaye suna fuskantar juna, na sa su rufe ido, na sa kowane yaro ya ja sauran na minti biyar ko da zai ɓata. Sukan fara, sai ɗaya ya saci kallona, abin ya watse. Akwai ranar da na koma gida na kasa cin abinci, don na gane shekara goma sha tara tsorona na fi koyarwa, kiɗan a bayansa yake.

Ranar Alhamis ɗin nan da ta wuce na ga ba sauran dabara sai ɗaya. Da aka tashi, na ciro jakar fatar nan daga aljihu na ba Ishaku, na ce su yi maci daga bakin ƙofa zuwa tuta, ni ina da aiki a lambu. Na bi ta bayan azuzuwa na tafi can ƙarshen lambun makaranta inda ba mai hango ni, na zauna a kan kututture. Daga can ba na jin komai sai dukan babbar ganga sama-sama, kamar ana daka a wata unguwa. Na yi rabin awa na dawo, na tarar suna goge kaya, kowa yana kallona. Ishaku ya miƙo mini jakar, na ce ya kai ofis. Kunya ta hana ni tambayar ko sun busa.

Da na isa gida, Talatu ta tare ni tun daga zaure, ta matso kusa da kunnena na dama ta ce yau kam yarana sun yi abin kirki. Ka san gidanmu ba nisa da makaranta. Tana tsakar gida tana tsince shinkafa ta ji begila sun shigo daidai kan kaɗi, sun kai waƙar har ƙarshe, suka sake, sau uku. Ta ce matan maƙwabta sun fito ƙofa, har mai gyaran keke na bakin hanya ya ajiye aikinsa. Washegari Mista Onwuka ya ce shi ma ya ji daga ofis, kuma kayan ba za su je ko'ina ba. Zai sa wata malama ta riƙa tsaya musu, manyan yaran su koya wa ƙanana, ni kuma daga Janairu lambu da sito ne aikina. Na yi masa godiya, kuma har ga Allah na ji daɗi. Sai dai duk Wambai an ji kiɗan da ya fi kowanne kyau da yarana suka taɓa yi, ni kaɗai ne ban ji ba.

Saboda haka, ɗana, tun daga makon farko ka riƙa ajiye sanda kana komawa gefe. Wanda ya shigo kafin lokaci ka gyara masa, kada ka doke shi, don shi aƙalla yana saurare. Kuma ka daina tsayawa jikin babbar ganga, ka ba ta taku goma.

Ka gaishe mini da Safara'u, Allah Ya sauke ta lafiya. Yaya Uwani na gaishe ku, ta ce ka rage ƙiwuyar rubutu. Talatu ma na gaisuwa, ta ajiye muku daddawa sai an samu mai zuwa. Kada ka gaya wa mahaifiyarka zancen likita, ni zan gaya mata da kaina. Abu ɗaya nake roƙo: ranar da yaranka suka fara kai waƙa ƙarshe, ka zauna ka rubuto mini yadda ta fita, wa ya shigo daidai, wa ya makara, yadda begila ta huɗu ta yi. Kada ka taƙaita, don yanzu a takarda nake jin kiɗa.

Allah Ya yi maka albarka, Ya bar maka kunnenka.

Ni ne kawunka,
Jibrin.